Wa Ya Cancanci Riƙe Jan Biro? Lacca Kan Malaman Bitar Rubutu ta Kirista

 

An nemi in yi magana a kan mutanen da ke jagorantar taron bitar rubutu na Kirista, wato marubuta da malaman da ake ɗora wa nauyin zama da sababbin hannu, su koya musu ƙaga labari, da tsara waƙa, da rubuta wasan kwaikwayo. Zan faɗi matsayina tun yanzu don kada in ja ku da nisa. Abin da ya fi kashe irin wannan taro a wurinmu shi ne yadda muke zaɓen malami. Mukan duba muƙaminsa a coci, da furfurarsa, da shaidar da ake yi masa ta tsoron Allah, duka kuwa abubuwa ne masu daraja, amma mu manta mu tambaye shi ko ya taɓa zama da labari guda ya yi ta gyara har ya tsaya da ƙafafunsa. Sai a yi kwana uku ana wa'azi a kan muhimmancin rubutu, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, yaro ya koma gida da jimlolinsa yadda ya zo da su. Ni kuwa a ganina, wanda zai jagoranci bitar rubutu dole ya zama mai sana'ar ne da hannunsa, mai iya duban shafin ɗalibi ya gaya masa gaskiya cikin ƙauna, ya kuma nuna masa da yatsa inda gyaran yake.

Bari in kai ku Amurka, shekarar 1945. Wata yarinya 'yar shekara 20, Flannery O'Connor, daga jihar Jojiya a kudancin ƙasar, ta isa Jami'ar Iowa da niyyar karatun aikin jarida. A jami'ar akwai wani aji na musamman da aka kafa a 1936, inda masu son zama marubuta ke kawo abin da suka rubuta, a zauna a yi masa filla-filla. Yawancin tarukan bitar rubutu na Amurka a yau, har da na Kirista, daga wannan ajin suka ɗauki salo. Shugabansa a lokacin wani marubucin waƙoƙi ne, Paul Engle. Yarinyar ta shiga ofishinsa ta yi bayani, bai fahimci komai ba, saboda nauyin harshenta irin na mutanen kudu. Sai ya ce ta rubuta masa a takarda abin da ke tafe da ita. Ta rubuta sunanta da buƙatarta. Ya ce ta kawo abin da ta taɓa rubutawa. Da ya karanta, sai ya karɓe ta.

Yarinyar nan 'yar Katolika ce mai riƙo ƙwarai. A Iowa kusan kullum sai ta je sujadar safe. Tana da wani ɗan littafi da take rubuta addu'o'inta a ciki a tsakanin 1946 da 1947, wanda ba a buga ba sai a 2013, kuma cikin abin da ta fi roƙon Allah har da ya mai da ita marubuciya ta ƙwarai. Amma ku lura da abin da take yi bayan ta tashi daga addu'a. Takan ɗauki labarinta ta kai aji, inda da yawa daga abokan karatunta tsofaffin sojoji ne da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, ta zauna shiru suna yi masa kaca-kaca. Ba ta taɓa ɗauka cewa addu'ar za ta ɗauke mata wahalar koyo ba. Ta roƙi Allah, ta kuma miƙa wuya ga malami, malamin ma da ba don addini ya tara su ba.

Sai dai malamar da nake so mu daɗe a kanta ba a aji ta same ta ba. A ƙarshen 1950 cutar lupus ta kama O'Connor, wato cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, irin wadda ta kashe mahaifinta a 1941. Dole ta koma wurin mahaifiyarta, suka zauna a wata gona kusa da garin Milledgeville. A hannunta akwai littafinta na farko, Wise Blood, wanda ta shafe kusan shekara biyar tana fama da shi. Wani amininta, Robert Fitzgerald, ya aika da rubutun ga wata marubuciya mai suna Caroline Gordon a 1951.

Wace ce Gordon? Ta girmi O'Connor da kusan shekara 30. Tun 1931 take fitar da littattafai, ta kuma shiga Katolika a 1947. Ita ma da malaminta: kafin ta fara fitar da littattafai ta yi wa wani babban marubucin Ingila, Ford Madox Ford, aikin buga tafireta, shi ne kuma ya tsaya a kanta har ta gama littafinta na farko, Penhally. Wato abin da za ta ba O'Connor ba daga sama ta tsince shi ba. Wani ya zauna da ita, ita ma ta zauna da wata. Mu nan mun san darajar wannan, don a ƙasar Hausa ba a tambayar malami abin da ya sani kawai, har da wurin wanda ya yi karatu.

Gordon ta karanta, ta yaba wa littafin ba tare da rowa ba, ta gane cewa ta gamu da baiwar da ba kullum ake samun irinta ba. Sannan ta zauna ta rubuta doguwar wasiƙa mai shafuka da dama. Ina so ku ji irin abin da ke cikinta, don a nan ne za ku ga aikin malami da idonku. Ta gaya mata cewa tana gaggawa a wuraren da ya kamata ta tsaya, har mai karatu yakan wuce muhimmin abu bai ankara ba. Ta gaya mata cewa ta haska mutanenta ta bar duniyar da suke ciki a duhu, babu sama, babu itatuwa, babu yanayin gari, don haka ta riƙa ɗaga kai tana nuna abin da ke kewaye da su. Ta ja kunnenta a kan murya: mai ba da labari kada ya riƙa aron bakin mutanen ƙauyen da yake ba da labarinsu, kowa ya tsaya a harshensa. Ta kuma koya mata wani darasi da ta ɗauko daga marubucin Faransa, Flaubert, cewa abu ba ya zama na gaske a idon mai karatu sai an taɓo shi ta hanyoyin ji kamar uku, a gan shi, a ji ƙararsa, a ji ƙamshinsa ko taushinsa.

Mata biyu ne masu bangaskiya ɗaya, littafin kuma daga farkonsa har ƙarshe a kan Almasihu yake, amma mafi yawan wasiƙar a kan jimla take, da tsarin fage, da saurin tafiyar labari. Gordon ta san cewa bangaskiyar yarinyar ba ta buƙatar gyaranta. Hannun ne ke buƙata. O'Connor kuwa, tana kwance tana tashi da ciwo, ta koma ta bi rubutun ta yi gyara, aka buga littafin a 1952. Wanda ya karanta shi zai tarar da wuraren da labari ke tsayawa a dubi sararin sama, kuma masu nazari sun danganta wannan da shawarar Gordon.

Littafin kansa fa? Labarin wani saurayi ne, Hazel Motes, jikan mai wa'azi, wanda ya dawo daga soja da ƙudurin tsere wa Yesu. Har ya kafa abin da ya kira coci marar Almasihu, yana hawa kan tsohuwar motarsa yana yi wa mutane wa'azin cewa babu zunubi babu fansa. Duk inda ya gudu sai ya tarar abin da yake gudu na biye da shi, har daga ƙarshe ya makantar da kansa. Wasu daga dangin marubuciyar, littafin ya girgiza su. Na tabbata da a ce an kawo irin wannan rubutu a wasu tarukanmu, da malami ya mayar da shi tun a shafi na goma, ya ce a je a sa wa jarumin tuba mai tsabta a babin ƙarshe, a rufe da aya. Gordon ba ta nemi a sassauta labarin ba. Ta nemi a ƙara masa kaifi.

Wannan hulɗa ta ɗore shekara 13. O'Connor ta ci gaba da aika mata labaranta, tana rubutu awa biyu zuwa uku kowace safiya, iyakar abin da jikinta ke bari, daga baya ma da sanduna take tafiya. Ɗaya daga labaranta na ƙarshe, Parker's Back, a gadon asibiti ta yi ta aikinsa a 1964, shi ma sai da Gordon ta gani ta ba da shawara. A wannan karon O'Connor ta ɗauki kaɗan ta bar saura. Wannan ma ina ƙirga shi cikin nasarar malamar, don malamin da ɗalibinsa bai taɓa kai matsayin da zai ce masa "a nan ban yarda ba" bai gama aikinsa ba. Ta rasu ranar 3 ga Agusta, 1964, tana da shekara 39. Littafin da ya tattara gajerun labaranta 31 ya ci babbar kyautar adabi ta ƙasar Amurka a 1972.

A shekarar da Gordon ta karɓi rubutun O'Connor, wani likita mai suna Walker Percy shi ma ya aiko mata da nasa. Ta rubuta masa wasiƙa mai kusan shafi 30. Wannan littafin nasa bai taɓa fitowa ba. Sai bayan shekara goma ya fitar da The Moviegoer a 1961, ya ci waccan babbar kyauta a 1962. Ku dubi wannan haƙuri: shafi 30 a kan littafin da ba za a buga ba, saboda ta hango marubucin da ke bayansa.

Akwai abin da ba zan tsallake ba a gaban taron 'yan Afirka. O'Connor 'yar kudancin Amurka ce ta zamanin wariyar launin fata, kuma a wasiƙunta akwai maganganu kan baƙaƙen fata da ke ɓata rai. A 1959 ta ƙi yarda ta gana da marubuci James Baldwin a Jojiya, a 2020 kuma wata jami'ar Katolika a jihar Maryland ta cire sunanta daga wani ɗakin kwanan ɗalibai. Malamin da zai kawo labaranta aji ya faɗi wannan a fili. Muna koyon sana'a a hannunta, ba mu ce waliyyiya ce ba.

To, yaya darasin Gordon zai kasance a bakinmu? Ga irin jimlar da na saba gani a rubutun matasanmu: wata mata mijinta ya rasu, ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma ta dogara ga Ubangiji, Ubangiji kuma ya ta'azantar da ita. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Amma ba wanda zai karanta ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, don an gaya masa ne, ba a nuna masa ba. Malamin kirki zai zagaye jimlar da jan biro, ya ce wa yarinyar da ta rubuta: kai ni gidan, kwana uku bayan jana'iza, da yamma, masu gaisuwa sun watse. Sai ta koma ta rubuto cewa matar ta shiga ɗaki ta auno garin tuwo na mutum biyar kamar kullum, ta fito har ta ɗora tukunya, sannan ta tsaya. Ta koma ta ɗebi tafi biyu ta mayar cikin buhu. Takalmansa na zuwa gona suna nan a bakin ƙofa da busasshiyar laka a jiki, ba wanda ya iya kawar da su. Hayaƙi na shiga idonta, daga gidan maƙwabta ana jin daka. Tana tuƙi sai ta ji bakinta ya kama waƙar da yakan yi in ya dawo daga sujada, ta kai tsakiya ta kasa ƙarasawa, ƙaramar 'yarta da ke tsugune gefen murhu ta ƙarasa mata. A nan ba a ambaci ta'aziyya ba, amma mai karatu ya gan ta ta shigo gidan. Wannan ake zuwa bita a koya, kuma ba mai iya koyar da shi sai wanda ya sha wuyarsa a kan nasa teburin.

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. Ku tuna yadda annabi Natan ya je wa sarki Dawuda bayan abin da ya yi wa Uriya. Bai fara da tsawa ba. Ya ba shi labarin wani matalauci da 'yar tunkiyarsa guda, wadda ke ci daga abincinsa tana kwana a ƙirjinsa, da attajirin da ya ƙwace ta ya yanka wa baƙo. Sai da sarki ya fusata ya yanke hukunci da bakinsa, sannan annabin ya nuna masa ko wane ne attajirin. Da labarin bai ƙullu da kyau ba, da sarki bai faɗa ciki ba. Ubangijinmu ma da misalai ya yi yawancin koyarwarsa, sau da yawa kuma yakan bar masu ji su tafi da tambaya a zuciya.

Akwai wani irin zama kuma da ba shi da malami guda. A Oxford ta Ingila, daga farkon shekarun 1930 zuwa 1949, wasu abokai da ake kira Inklings sukan haɗu daren Alhamis a ɗakin C. S. Lewis a kwalejin Magdalen. A dafa shayi, wani ya zaro takardu daga aljihu ya karanta abin da yake rubutawa, saura su faɗi ra'ayinsu ba sakayawa. Cikinsu akwai J. R. R. Tolkien, da Owen Barfield, da wan Lewis mai suna Warren, daga 1939 kuma Charles Williams ya shigo. Tolkien ɗan Katolika ne, Lewis ɗan Angilika, bambancin ɗarika bai hana su zama ba. Tolkien ya fara The Lord of the Rings a 1937, bai kai ƙarshensa ba sai 1949, aka buga a 1954 da 1955. Mutum ne mai jinkiri da yawan komawa baya, kuma shi da kansa ya shaida cewa babban bashin da Lewis ke binsa shi ne ƙarfafa gwiwa, don an daɗe Lewis ne kaɗai mai sauraronsa, yana matsa masa ya kawo babi na gaba. Littafin nan ba a ambaci sunan Almasihu a cikinsa ba, ba coci ba fasto, duk da haka marubucinsa ya ɗauke shi aikin bangaskiya tun daga tushe.

Gaskiya kuma ba ta yi ƙaranci a tsakaninsu ba. Da Lewis ya karanta wa Tolkien farkon labaransa na Narnia, Tolkien ya nuna ba su yi masa ba sam. Lewis ya ji, ya auna, ya ci gaba, littafin farko ya fito a 1950, yara na karanta shi har gobe. Amma akwai wani a cikinsu, Hugo Dyson, mutum mai barkwanci da yawan magana, wanda ya gaji da labarin Tolkien, ya riƙa ƙorafi da katse karatu har Tolkien ya daina karantawa in yana wurin. Duk wanda ya taɓa jagorantar bita ya san irin wannan mutum. Ba mugu ba ne, amma bakinsa ɗaya ya isa ya sa mai kunya ya naɗe takardarsa har abada. Aikin jagora ne ya bambance suka mai gyara da suka mai kashe gwiwa, ya buɗe wa ta farko ƙofa, ya tsawata wa ta biyu ko daga bakin wa ta fito. Wani gibin zaman nasu shi ne babu mace ko ɗaya a ciki, alhali a zamanin akwai irin su Dorothy Sayers, wadda ta rubuta wasannin rediyo 12 kan rayuwar Yesu da BBC ta watsa a 1941 da 1942, aka yi ta ce-ce-ku-ce don ta sa mutanen cikin Linjila suna magana da Turancin yau da kullum. Ita ce ta yi nuni da cewa abin da ya kamata coci ya fara nema daga kafinta Kirista shi ne ya yi tebur mai kyau. Marubuci ma haka ne.

A yau Amurka na da tarukan da aka kafa musamman don wannan. Mujallar Image, wadda Gregory Wolfe ya kafa a 1989, ta fara shirya bitar Glen a tsakiyar shekarun 1990, an daɗe ana yin ta a garin Santa Fe, mako guda, kowane aji da marubucin da ya riga ya fitar da littattafai. Jami'ar Calvin da ke jihar Michigan tana taron bangaskiya da rubutu tun 1990, kuma ba Kirista kaɗai take gayyata ba, har Bayahude irin Elie Wiesel ya yi jawabi a can. A Iowa ɗin nan kuma Marilynne Robinson, Kirista mai zurfin karatun tauhidi, ta koyar kusan shekara 25 har ta yi ritaya a 2016. Tsakanin ƙagaggen labarinta na farko a 1980 da na biyu, Gilead, a 2004, shekara 24 ne. Gilead wasiƙar wani tsohon fasto ce ga ɗansa ƙarami, ta kuma ci kyautar Pulitzer a 2005. Ɗalibinta Paul Harding ya ci irin wannan kyauta a 2010. Daga Najeriya ma, Uwem Akpan, ɗan jihar Akwa Ibom, yana Rabaran Fada ya tafi Jami'ar Michigan ya zauna a aji kamar kowane ɗalibi, ya gama a 2006. A littafinsa na 2008, Say You're One of Them, akwai dogon labarin wani yaro Musulmi da ke cikin motar masu gudun rikicin addini daga Arewa zuwa Kudu, yana ɓoye ko shi wane ne. Fada ne ya rubuta, amma ya shiga zuciyar yaron nan da adalci, bai mai da shi abin nuni ba. Rigar limanci ba ta hana shi zama ɗalibi ba, kuma ina roƙon iyayenmu fastoci masu sha'awar rubutu su yi tunani a kan wannan.

Yanzu mu dawo gida, don mu ma muna da tarihi a nan. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar ɗinsu, Jiki Magayi, sunaye biyu ne a bangonsa: East da John Tafida, Kirista daga Wusasa. East jami'in mulkin mallaka ne, da manufarsa ta samar wa makarantu littattafan karatu, hannunsa kuma na da nauyi a kan rubutun mutane, ana iya yi masa suka a kan haka. Amma ya zauna da marubuta shafi bayan shafi, kamar yadda ya zauna da Imam lokacin aikin Magana Jari Ce.

Ku dubi abin da Tafida ya rubuta. Labarin Abubakar ne da Zainab, da attajiri Malam Shaihu da ya aure ta da ƙarfin dukiya, da ramuwar gayyar da Abubakar ya tafi nema, wadda ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, Kyauta. Ba wanda ya tsaya ya yi wa'azi a ciki, amma wanda ya gama karantawa ya ga inda ƙiyayya ke kai mutum. Musulmi da Kirista sun karanta shi a makarantu shekara da shekaru ba tare da wani ya ji an tsokane shi ba. Wato tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa akwai hannun Kirista a ciki. Mun sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, muna da waƙoƙin sujada da zumuntar mata ke ƙirƙira kowane mako, wasunsu da azancin da zai sa gashin mutum ya tashi. Amma ƙagaggun labaranmu da Hausa kaɗan ne ƙwarai, kuma wannan abu yana damuna. Rayuwar Kiristan Arewa cike take da labari: gidan da wa ke zuwa masallaci ƙane na zuwa coci, ƙauyen da aka ƙona aka sake ginawa, mai bishara da ke noma don ya ciyar da iyalinsa, yarinyar da ke tsakanin umarnin iyaye da zuciyarta. In ba mu rubuta ba, wasu za su rubuta mana yadda suka hango daga nesa.

Maƙwabtanmu na Kano sun nuna mana hanya. Daga shekarun 1980 marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka riƙa haɗuwa suna duba aikin juna, suna bugawa da kuɗin aljihunsu, har suka cika kasuwa da littattafan Hausa. Ban ga abin da zai hana kwamitin bitarmu ya gayyaci ƙwararren marubuci Musulmi ya koya wa yaranmu yadda ake gina hira da ƙulla zaren labari ba. Fasto ya buɗe da addu'a, ya yi mana ibadar safe, ya kasance kusa don tambayoyin tauhidi da za su taso, kuma za su taso. Amma in an shiga aji, a bar jan biro a hannun mai sana'a.

Saboda haka ga roƙona ga masu shirya irin wannan taro. Kafin ku gayyaci malami, ku nemi abin da ya rubuta ku karanta, ku kuma tambayi wani da ya taɓa koyo a hannunsa ko yana mayar da rubutu da gyara a jiki. Kada aji ya wuce mutum goma sha biyu, don wanda aka tara wa mutum sittin lacca kawai zai iya yi, irin wadda nake yi yanzu, lacca kuwa ba ta gyara jimla. A karɓi rubutun ɗalibai wata guda kafin taro a aika wa malami, ya zo ya riga ya karanta. A sa mata cikin malamai. A bar mai son rubutu da Hausa ya yi da Hausa, mai son yi da Tyap ko Berom ko Tangale shi ma a nemo masa mai duba masa. In an watse kuma kada a yanke igiya, a haɗa kowane ɗalibi da wanda zai riƙa karanta masa aiki har shekara ta zagayo, ko ta waya ce.

Iyayenmu dattawa, wannan aiki yana cin lokaci, mai yin sa kuma yana da iyali. Kuna ware kuɗi don kayan kiɗa da rufin majami'a, ku ware wani abu a kasafin baɗi don biyan malaman rubutu hakkinsu, da buga aikin ɗalibi ko da guda ɗaya ne da ya cancanta. Ku kuma matasa, na san da yawanku kun zo da rubutu a jaka kuna jin nauyin fitowa da shi. Kafin ku bar harabar nan yau, ku miƙa wa malamanku, ku ce su sa jan biro kada su ji tausayi.